Ɗan Mowa da Ɗan Bora a Kotun Duniya: Me Ya Hana Sojan Amurka Zuwa Hague?

A watan Maris na 2013, wani madugun 'yan tawayen Kwango mai suna Bosco Ntaganda ya tako da ƙafarsa har ofishin jakadancin Amurka da ke Kigali, babban birnin Ruwanda, ya ce a kai shi Hague. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, wadda aka fi sani da ICC, ta shafe shekaru tana nemansa. Amurkawa ba su kore shi ba. Sun ajiye shi 'yan kwanaki, suka taimaka aka sa shi a jirgi, daga baya kotun ta yanke masa ɗaurin shekara 30. A farkon 2015 kuma, Dominic Ongwen, ɗaya daga cikin kwamandojin Joseph Kony, madugun 'yan tawayen Yuganda, ya faɗa hannun sojojin Amurka a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Shi ma a Hague ya ƙare, da ɗaurin shekara 25.

Ƙasar da ta yi wannan hidima ita ce kuma ke da wata doka tun 2002, wadda ta ba shugabanta izinin bin duk hanyar da ya ga ta dace, har da ƙarfin soja, domin ƙwato ɗan Amurka ko ɗan ƙasar ƙawarta idan wannan kotun ta tsare shi. Sunanta a hukumance dokar kare ma'aikatan sojin Amurka, amma masu suka sun laƙaba mata dokar mamaye Hague, domin birnin yana ƙasar Holan ne, ƙawar Amurka a ƙungiyar tsaro ta NATO.

A nan takaicin yake. Mutane da yawa suna ɗauka abin da ke ƙona rai shi ne Amurka ba ta shiga kotun ba. To ai Sin ba ta shiga ba, Indiya ba ta shiga ba, Rasha ta sa hannu ta janye. Kowace ƙasa tana da ikon ƙin shiga yarjejeniya. Abin da ya bambanta Amurka shi ne tana ɗaukar kotun a matsayin kayan aiki idan wani za a kama, ranar da kotun ta waiwayo wajenta kuma sai ta zama abokiyar gaba da za a karya.

Kafin a shiga zurfin maganar, ya kamata a san yadda kotun take. An amince da yarjejeniyar kafa ta a birnin Roma ranar 17 ga Yuli, 1998. Ƙasashe 120 suka goyi baya, 7 suka ƙi, 21 suka ƙaurace, kuma Amurka na cikin bakwai ɗin. Ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2002. Mutane take hukuntawa, ba ƙasashe ba, kuma a kan manyan laifuka kaɗai: kisan ƙare dangi, cin zarafin bil'adama, laifukan yaƙi, daga baya aka ƙara laifin afka wa wata ƙasa da yaƙi. Ba ta da 'yan sanda ko ɗaya. Idan ta ba da sammaci, sai dai ta jira wata gwamnati ta kama mata mutumin.

Ƙa'idoji biyu ne suka fi shafar maganarmu. Ta farko, kotun tana da hurumi idan wanda ake zargi ɗan ƙasar da ke cikin yarjejeniyar ne, ko kuma idan a cikin irin wannan ƙasa aka aikata laifin, ko ɗan ina ne ya aikata. Wannan ce ke hana Amurka barci, domin tana da sojoji a ƙasashe da dama da suke mambobi. Ta biyu, kotun ba ta shiga magana sai idan ƙasar da abin ya shafa ta ƙi yin bincike na gaskiya ko ta kasa. Wato duk ƙasar da ta gurfanar da nata a gida bisa gaskiya, ta riga ta rufe wa Hague ƙofa.

Hujjojin Amurka ba duka ne na banza ba, kuma adalci ne a saurare su. Ta ce yarjejeniyar da ƙasa ba ta shiga ba bai kamata ta hau kan 'ya'yanta ba. Ta ce ita ce ta fi kowa baza sojoji a duniya, don haka ita ce ta fi kowa fuskantar haɗarin ƙarar siyasa daga mai gabatar da ƙarar da ba wanda ya zaɓe shi. Ta ce tana da kotunan soji da suka daɗe suna aiki, kuma tsarin mulkinta ya ba ɗan ƙasa haƙƙoƙin da Hague ba ta bayarwa. Hujja ta farko ita ce ta fi rauni. Idan Ba'amurke ya kashe mutum a Kano, kotun Najeriya ce za ta yi masa shari'a, ba tare da ta nemi izinin Washington ba. Idan ƙasa tana da wannan iko a cikin iyakarta, me zai hana ta haɗa hannu da wasu ƙasashe ta miƙa shi ga kotun da suka kafa tare? Amurka da kanta ta nuna ba ta riƙe wannan hujja da gaske ba, kamar yadda za mu gani idan mun zo kan Rasha.

Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a yarjejeniyar ranar ƙarshe ta shekarar 2000, amma bai aika wa majalisar dattawa ta amince ba. A watan Mayun 2002 gwamnatin George Bush ta rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa wannan sa hannun bai ɗaure ta da komai ba. John Bolton, wani babban jami'in ma'aikatar harkokin wajen Amurka a lokacin, shi ne ya rattaba hannu a wasiƙar, sunan da zai sake dawowa. Daga nan aka shiga matsin lamba ta fuskoki uku.

Ta farko, a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ranar jajibirin buɗe kotun, Amurka ta hau kujerar na-ƙi a kan sabunta aikin wanzar da zaman lafiya a Bosniya, ta ce sai an ba sojojinta kariya. Kwamitin ya sakko, ya zartar da ƙuduri mai lamba 1422 wanda ya ba su kariyar shekara guda. An sabunta a 2003. A 2004 hotunan azabtar da fursunoni a kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi suka fito, Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya fito fili ya soki sabuntawar, Amurka ta ga ba za ta samu ƙuri'u ba, ta janye buƙatar.

Fuska ta biyu ita ce waccan doka ta watan Agustan 2002. Ta uku kuwa ita ce ta taɓa mu kai tsaye. Amurka ta fake da sashe na 98 na yarjejeniyar Roma, ta bi ƙasashe ɗaya bayan ɗaya tana neman su sa hannu cewa ba za su taɓa miƙa ɗan Amurka ga kotun ba. Wanda ya ƙi, a yanke masa taimakon soji. Ƙasashe fiye da 100 suka sa hannu. Najeriya da Ghana sun sa a 2003. Nijar ta ƙi, haka Mali da Benin da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, kuma ranar 1 ga Yuli, 2003 sunayensu suka fito cikin ƙasashe 35 da aka dakatar wa taimakon soji. A ƙarshen 2004 majalisar Amurka ta faɗaɗa hukuncin ya haɗa da wani ɓangare na tallafin tattalin arziki. A duba fa: ƙasa irin Nijar, wadda kusan kullum take ƙasan jerin masu talauci, ita aka hukunta don ta ƙi saɓa alkawarin da ta ɗaukar wa duniya. Ba tausayi ne ya sa aka sassauta ba. Hafsoshin Amurka ne suka koka cewa sun daina horar da sojojin ƙasashen da suke buƙata, wasu kuma suna cike gurbin. Condoleezza Rice, sakatariyar harkokin wajen Amurka a lokacin, da kanta ta kwatanta abin a 2006 da mutum ya harbi ƙafarsa. Zuwa 2008 an soke batun yanke taimakon soji, amma sashen da ya ba da izinin amfani da ƙarfi yana nan daram.

Abin da ya faru a kan Darfur ne ya fi fito da siffar abin. A ranar 31 ga Maris, 2005 Kwamitin Sulhu ya miƙa rikicin Darfur ga kotun, alhali Sudan ba mamba ba ce. Amurka ba ta hana ba, ƙaurace wa ƙuri'a ta yi. Farashin shirunta shi ne sakin layi na shida na ƙudurin, wanda ya ce 'yan ƙasashen waje da ba mambobi ba, idan sun aikata laifi a ayyukan da Kwamitin ya amince da su a Sudan, ƙasashensu ne kaɗai za su yi musu shari'a. Aka kuma ƙara cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ba za ta biya ko anini na kuɗin binciken ba. Ga Sudan da ba ta shiga ba an ce kotun ta hau kanta, har aka ba da sammacin kama Umar al-Bashir a 2009. Ga Amurka da ba ta shiga ba an ce kotun ba ta hau kanta ba. Duk a takarda ɗaya. An maimaita irin wannan sakin layi a 2011 lokacin da aka miƙa Libiya, kuma a wannan karon Amurka ƙuri'ar amincewa ta kaɗa. Uku daga cikin ƙasashe biyar masu kujerar na-ƙi ba sa cikin kotun, amma suna da ikon tura wasu gabanta. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Saura hujjar da ta fi nauyi, cewa Amurka tana hukunta nata. Wani lokaci tana yi. Robert Bales, sojan da ya fita da dare a watan Maris na 2012 ya kashe fararen hula 16 a lardin Kandahar, an yanke masa ɗaurin rai da rai. Sojoji 11 aka samu da laifi a kan Abu Ghraib, wanda ya fi shan ɗauri shekara 10 aka ba shi. Amma a lura da su waye: ƙananan sojoji. Waɗanda suka rubuta takardun da suka halatta azabtarwa, da waɗanda suka ba da umarni, ba wanda ya tsaya gaban alƙali.

Sauran tarihin ya fi ɗaci. A ƙauyen My Lai na Biyetnam, a 1968, sojojin Amurka sun kashe ɗaruruwan mutane, akasari mata da yara da tsofaffi. Mutum ɗaya aka samu da laifi, William Calley, kuma ɗaurin rai da ran da aka yanke masa ya koma ɗaurin talala na shekara uku da 'yan watanni. A Haditha ta Iraƙi, a watan Nuwamban 2005, an kashe fararen hula 24. Aka tuhumi sojoji takwas, aka janye tuhumar shida, aka wanke ɗaya, na ƙarshe ya amsa laifin sakaci da aiki, aka rage masa muƙami, ba a ɗaure shi ba. A Kunduz ta Afganistan, ranar 3 ga Oktoba, 2015, jirgin yaƙin Amurka ya yi luguden wuta a kan asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta riga ta sanar da sojoji daidai inda asibitin yake. Mutum 42 suka mutu, har da marasa lafiya a kan gadajensu. Shugaba Obama ya nemi afuwa, aka ladabtar da jami'ai 16 ta fuskar aiki, ba a gurfanar da kowa ba. A ƙarshen Agustan 2021 jirgi maras matuƙi ya kashe mutum 10 a Kabul, bakwai daga ciki yara. Amurka ta amsa cewa kuskure ne, sannan ta ce ba wanda za a hukunta. Ko inda aka yi hukuncin ma ba ya tabbata: masu gadin kamfanin Blackwater huɗu da kotun Amurka ta ɗaure saboda harbin da aka yi a dandalin Nisour na Bagadaza a 2007, Donald Trump ya yi musu afuwa a Disambar 2020.

Ni dai duk lokacin da na karanta wannan jeri, iyayen yaran nan nake tunawa. Me za a gaya wa uwar da ta binne 'ya'yanta, an ce mata an yi bincike, an gano kuskure ne, kowa ya koma bakin aikinsa?

Iraƙi ba mamba ba ce, don haka kotun ba ta da hurumi a kan Amurkawa a can. Afganistan kuwa ta shiga tun 2003. A 2016 ofishin babbar mai gabatar da ƙara, Fatou Bensouda 'yar Gambiya, ya ce akwai dalilin yarda cewa sojojin Amurka sun azabtar da aƙalla tsararru 61, hukumar leƙen asiri ta CIA kuma aƙalla 27, a Afganistan da wasu ɓoyayyun wuraren tsare mutane a Poland da Romaniya da Lituwaniya, dukansu mambobin kotun. Ba sabon labari ba ne ga Amurka. Majalisar dattawanta ta fitar da rahoto a kan azabtarwar CIA a Disambar 2014, Obama ma ya amsa da bakinsa cewa an azabtar da mutane. Binciken da ma'aikatar shari'arta ta yi an rufe shi a 2012 ba tare da tuhumar kowa ba. Wannan shi ne ainihin yanayin da aka kafa kotun dominsa.

A Nuwamban 2017 Bensouda ta nemi izinin buɗe cikakken bincike, wanda ya haɗa da Taliban da jami'an gwamnatin Afganistan da Amurkawa. Bolton, wanda a lokacin ya zama mai ba shugaba shawara kan tsaro, ya yi jawabi a Satumban 2018 ya ce kotun haramtacciya ce, za su bar ta ta mutu. A Afrilun 2019 aka soke bizar Bensouda. Kwanaki kaɗan bayan haka alƙalai uku suka ƙi ba da izinin binciken, suna cewa da wuya a samu haɗin kai. Sashen ɗaukaka ƙara na kotun ya rushe wannan hukunci a Maris na 2020. Watanni shida bayan nan Amurka ta saka wa Bensouda takunkumi, ita da wani babban jami'inta, Phakiso Mochochoko ɗan Lesotho, aka sa sunayensu a jeri ɗaya da 'yan ta'adda da dillalan ƙwaya. 'Yan Afirka da yawa sun lura cewa a cikin duk ma'aikatan kotun, baƙaƙen fata biyu aka zaɓa.

Joe Biden ya ɗage takunkumin a Afrilun 2021. A watan Satumban shekarar, sabon mai gabatar da ƙara, Karim Khan na Birtaniya, ya sanar cewa zai mai da hankali kan Taliban da reshen IS na yankin, sauran kuma a jingine saboda ƙarancin kuɗi da ma'aikata. A Yulin 2025 kotun ta ba da sammacin kama jagoran Taliban da alƙalin alƙalansu kan zaluntar mata. Har yau ba ta taɓa tuhumar Ba'amurke ko ɗaya ba. Ta leƙo ta koma.

Sai ga Rasha. A Maris na 2023 kotun ta ba da sammacin kama Vladimir Putin kan kwashe yara daga Yukiren. Rasha ba mamba ba ce. Da hujjar Amurka ta farko gaskiya ce a zuciyarta, da ta ce an yi wa Putin ba daidai ba. Biden cewa ya yi sammacin ya dace, daga baya ya ba da umarnin a riƙa ba kotun bayanai. Ranar 21 ga Nuwamba, 2024 kotun ta ba da sammacin kama Benjamin Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant kan Gaza, bisa ƙa'idar nan guda, tunda Falasɗinu mamba ce. Shi dai Biden ɗin ya ce abin ya wuce gona da iri. Da Trump ya dawo, a Fabrairun 2025 ya saka wa Khan takunkumi. A watan Yuni aka ƙara alƙalai huɗu, ciki har da Solomy Bossa ta Yuganda da Reine Alapini-Gansou ta Benin. Laifin Bossa shi ne tana cikin waɗanda suka ba da izinin binciken Afganistan a 2020. A Agusta aka ƙara wasu, har da mataimakin mai gabatar da ƙara, Mame Mandiaye Niang ɗan Senegal. Wasu daga cikinsu sun bayyana cewa katunan bankinsu sun daina aiki.

Wani abin lura shi ne tsoron da Amurka ke ji ya fi ƙarfin haɗarin. Birtaniya mamba ce, ta yi yaƙin Iraƙi. Bensouda ta duba zarge-zargen da ake yi wa sojojinta, ta ce akwai dalilin yarda an aikata laifukan yaƙi, amma a Disambar 2020 ta rufe fayil ɗin, domin ba ta iya tabbatar da cewa binciken gida na rufa-rufa ba ne. Da Amurka ta yi ko rabin wannan, da wuya sojanta ya ga Hague. Abin da ba ta so shi ne a samu wani a wajenta da zai iya tambaya.

Duk wanda kotun ta taɓa ɗaurewa kan manyan laifuka ɗan Afirka ne, tun daga Thomas Lubanga, madugun 'yan tawayen Kwango, a 2012. Saboda haka idan mutum ya ce kotun ta ɗan bora ce, ba zan ƙaryata shi ba. Amma akwai abin da ake mantawa. Yuganda da Kwango da Afirka ta Tsakiya da Mali, gwamnatocinsu ne suka gayyato kotun da kansu, galibi don ta kama musu 'yan tawaye. Kuma waɗanda aka kashe a Ituri ta Kwango da Darfur da arewacin Yuganda su ma 'yan Afirka ne. Idan Afirka ce ta fi kowa yawan waɗanda ake tuhuma, ita ce kuma ta fi kowa yawan waɗanda aka taɓa sauraron kukansu.

Shi ya sa nake jin tsoron inda wannan takaici yake kai mu. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. A Disambar 2020 Bensouda ta kammala binciken share fage na shekara goma a kan Najeriya, ta ce akwai dalilin yarda cewa Boko Haram da jami'an tsaron ƙasar duka sun aikata manyan laifuka. Shekaru suka shuɗe ba a buɗe cikakken bincike ba, kuma ban ji waɗanda ke kuka da Amurka suna kuka da wannan jinkiri ba. A Mali, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin ƙasar da wasu baƙin mayaƙa sun kashe aƙalla mutum 500 a garin Moura a Maris na 2022.

Nijar da ta ƙi sa wa Amurka hannu a 2003, ita ce ta miƙa wa kotun Ahmad al-Faqi al-Mahdi a 2015, mutumin da ya jagoranci rushe hubbaren waliyyai a Timbuktu. A Satumban 2025 ita da Mali da Burkina Faso suka sanar cewa za su fice, suna kiran kotun makamin sabon mulkin mallaka mai zaɓen wanda za ta hukunta. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, kuma Amurka ce ta fi kowa ba su hujjarsa. Sai dai ficewar ba ta taɓa sojan Amurka ko ɗaya ba, domin an riga an sallame su daga Agadez tun 2024. Ranar da ficewar ta kammala, hafsan da ke Yamai ko Bamako ko Wagadugu ne zai samu irin rigar da Ba'amurke yake sanye da ita tun 2002, ƙauyen da za a shiga bayan Moura kuma ba shi da inda zai kai ƙara sai gaban waɗanda suka turo sojojin.